Yadda Ake Gano Ma'anar Kalmar "Field" Kafin a Mayar da Ita Hausa

Duk wanda ya yi karatun boko da Ingilishi ya haɗu da kalmar "field" tun yana firamare, kuma kusan kowa an gaya masa cewa ma'anarta fili. Wannan bayani ba ƙarya ba ne, amma bai ƙunshi ko rabin abin da kalmar take ɗauke da shi ba, domin tana fitowa a labarin yaƙi, da shafin wasanni, da littafin kimiyya, da fom ɗin neman aiki, da rahoton haƙar man fetur, kuma a yawancin waɗannan wurare babu wani fili da ake magana a kansa. Mai fassarar labarai, da malamin da yake yi wa ɗalibai bayani da Hausa, da ɗalibin da yake karanta littafin Ingilishi shi kaɗai, duk suna bukatar hanyar da za su bi su gane nufin marubuci kafin su zaɓi kalmar Hausa. Hanyar ba ta da wuya, sai dai tana bukatar mutum ya hana hannunsa rubuta "fili" har sai ya karanta jimlar ya kai ƙarshenta.

Yana da kyau a fara da sanin tushen kalmar, domin daga nan sauran ma'anonin suka yi rassa. A tsohon Ingilishi ana rubuta ta "feld", kuma tana nufin buɗaɗɗiyar ƙasa wadda itatuwa ba su rufe ba. 'Yan'uwanta suna nan da rai a Jamusanci da harshen mutanen Holan, kuma daga na Holan ɗin ne aka samu "veld", sunan da ake kiran shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa ta Afirka ta Kudu da shi. A ƙarni na 18 da na 19, lokacin da majalisar dokokin Birtaniya ta yi ta zartar da dokokin killace filayen da mutanen ƙauye suke nomawa da kiwo a kansu tare, sai hoton yanki mai iyaka, wanda aka kewaye da shinge, ya ƙara kafuwa a zukatan masu harshen. Saboda haka kalmar tana tafe da abubuwa biyu: sarari a waje inda ake gudanar da wani aiki, da kuma yanki mai iyaka wanda wani abu ya mamaye. Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai iya hasashen ma'anar da bai taɓa gani ba.

Abu na farko da za a duba shi ne ko kalmar suna ce ta wuri ko ta mutum, domin suna ba a fassara shi. Birnin Sheffield ya samo sunansa daga kogin Sheaf da kuma wannan kalma, amma ba mai cewa "filin Sheaf", haka kuma Anfield, gidan ƙungiyar Liverpool, a bar shi yadda yake. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne lambar yabon nan ta masana lissafi mai suna Fields, wadda aka fara bayarwa a 1936. Sunanta ba shi da wata alaƙa da filaye ko fannonin ilimi. Sunan wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Kanada, John Charles Fields. Babban harafi a tsakiyar jimla alama ce da ya kamata ta sa mutum ya dakata.

Bayan wannan sai a duba ko kalmar aikatau ce. Idan ta zo bayan mai aikatawa, kuma akwai abin da aikin ya faɗa wa a gabanta, to maganar ƙasa ta ƙare. Idan aka ce jam'iyya za ta "field candidates", nufin shi ne za ta tsayar da 'yan takara. Idan koci ne ya yi wa 'yan wasansa haka, to ya saka su ne a wasan. Idan kuwa minista ne aka ce ya "fielded questions", to ya amsa tambayoyin 'yan jarida ne, kuma salon ya fito daga wasannin kurket da besbol, inda ɗan wasa yake tare ƙwallon da aka bugo ya mayar da ita nan take. A wannan salon akwai ƙanshin cewa tambayoyin sun yi ta zuwa a jere, don haka idan labarin ya nuna an matsa wa ministan, babu laifi a ce ya sha tambayoyi.

Idan an tabbatar kalmar suna ce gama-gari, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: shin akwai ƙasar da mutum zai iya takawa da ƙafarsa a cikin wannan jimla? Idan akwai, aikin bai ƙare ba, domin a nan Hausa ta fi Ingilishi yawan kalmomi, kuma mai fassara ne zai zaɓa. Inda aka shuka gero ko dawa ko masara, gona ce. Inda aka noma a baya aka bar shi ya huta, saura ce. Inda ruwa yake kwanciya ana shinkafa ko rake, fadama ce, kuma inda ake ban-ruwa ana fitar da tumatir da albasa da rani, lambu ne. Idan shanu ko tumaki ne suke cin ciyawa a wurin, makiyaya ce. Marubucin Ingilishi zai iya kiran dukkan waɗannan da kalma ɗaya, ya bar mai karatu ya gane daga abin da ke cikin wurin, don haka dole a nemi abin da aka ambata a kusa: amfanin gona ne, ko dabba, ko ruwa, ko garma.

Dalilin da ya sa nake ganin "fili" ba ta dace da maganar noma ba shi ne, a bakin mutanen birni a yau, kalmar ta fi karkata ga fulotin da ake saya don gini. Idan aka rubuta cewa manomi ya sayar da filinsa, mai karatu a Kano ko Damagaram zai ɗauka wani wuri ne da aka yanka a bayan gari, mai takarda da dillali, alhali abin da Baturen ya faɗa shi ne mutumin ya rabu da gonar da yake ci daga gare ta. Nauyin maganganun biyu ba ɗaya ba ne. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi: a Ingilishi "farm" ita ce dukan harkar, da gidan manomi da rumbuna da dabbobi, kowace "field" kuwa yanki ɗaya ce a cikinta. Gonar Bahaushe ta fi kusa da wannan yankin guda, shi ya sa idan kalmomin biyu suka haɗu a jimla ɗaya, ya fi kyau a ce manomin yana da gonaki kaza, ko kuma a kira babbar gandu idan ta gida ce da ake nomawa tare.

Wuraren da "fili" take zama daram su ne na wasa da na jirgi da na taro. Filin wasa da filin ƙwallo sun zauna a bakin kowa, sai dai a sani cewa mutanen Ingila sun fi kiran filin ƙwallon ƙafa "pitch", Amurkawa ne suka fi amfani da kalmar da muke magana a kanta. "Track and field" kuwa tana da sunanta da kafofin labarai na Hausa suka daɗe da kafawa, wato wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, kuma rabin na biyu ya ƙunshi har da jifar mashi da sauran jefe-jefe. A wasanni da siyasa akwai wata ma'anar da take ɓoye: kalmar tana iya nufin dukan masu fafatawa, ba wurin fafatawar ba. Wannan ya samo asali daga tseren dawaki da farauta, kuma idan aka ce ɗan takara yana "leading the field", ana nufin ya sha gaban sauran abokan takararsa.

A labarin yaƙi Hausa tana da kalmominta masu ƙarfi, fagen fama da filin daga, kuma ba a bukatar ƙirƙirar wata. "Minefield" wuri ne da aka binne nakiyoyi, amma idan aka ga kalmar a sharhin siyasa ko shari'a, to ana nufin lamari mai cike da haɗari wanda kuskure kaɗan zai jawo fitina. "Field marshal" muƙami ne, mafi girma a rundunar sojan ƙasa ta ƙasashen da suke da shi, kuma ana barinsa da lafazinsa a rubuta Fil Mashal, kamar yadda ake yi wa Janar da Kanar. Idi Amin na Yuganda ya ɗauki wannan muƙami a 1975, Abdel Fattah al-Sisi na Masar kuma an ba shi a watan Janairun 2014.

Maganar man fetur tana bukatar kulawa ta musamman, domin an saba jin "rijiyar mai" a duk inda Ingilishi ya ce "oil field", alhali abubuwa biyu ne daban. Rijiya rami ɗaya ce da aka haƙa, shi kuwa wancan yanki ne na ƙasa ko na teku da man yake kwance a ƙarƙashinsa, kuma yana iya ɗaukar rijiyoyi masu yawan gaske. Ghawar ta Saudiyya, wadda aka gano a 1948, ta kai tsawon kusan kilomita 280, kuma kiran irin wannan wuri rijiya ya rage masa girma ƙwarai. Haka abin yake ga Oloibiri, inda aka fara samun man da za a iya sayarwa a Nijeriya a 1956, da Agadem ta gabashin Nijar, wadda take ciyar da matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011. Abin da ya fi daidai shi ne a ce yankin haƙar mai, ko a yi jam'i a ce rijiyoyin man wuri kaza. Wannan ƙa'ida ta shafi kwal da zinariya da iskar gas.

Akwai rukuni na tsakiya, inda ƙasar take nan amma ba ita ce abin nufi ba. A nan kalmar tana nufin waje, wato kishiyar ofis ko aji ko ɗakin gwaje-gwaje. Mai bincike da ya tafi "fieldwork" ya fita ne ya shiga cikin jama'a ko ƙauyuka don tattara bayanai da kansa, kuma fassara ta da "aikin fili" tana sa a zaci awon fuloti ya tafi. "Field trip" ta 'yan makaranta ziyarar gani da ido ce. "Field hospital" asibitin wucin gadi ne da ake kafawa kusa da wurin yaƙi ko annoba. Ma'aikacin da ake kira "field officer" sunansa ya danganta da ma'aikatarsa: idan na noma ne, manoma sun riga sun raɗa masa suna malamin gona, idan na wata ƙungiya ne, sai a ce jami'in da yake aiki a cikin al'umma. Gwajin da ya dace a wannan rukuni shi ne a tambayi kai ko za a iya maye gurbin kalmar da "a wajen ofis" ma'anar ta tsaya. Idan ta tsaya, an gano rukunin.

Idan kuwa babu ƙasa ko kaɗan, mafi yawan lokuta ana nufin fanni. Likita ƙwararre ne a fanninsa, ɗalibi ya zaɓi fannin shari'a, kuma fom yana tambayar fannin karatu. Kalmar "fage" ma tana shiga nan, kuma abin sha'awa ne cewa ta yi irin tafiyar da kalmar Ingilishin ta yi, daga fagen dambe da kokawa zuwa fagen siyasa da fagen adabi. Bambancin da nake bi shi ne, fanni ya fi dacewa da rabe-raben ilimi da sana'a, fage kuwa ya fi dacewa inda ake gogayya ko nuna bajinta. Ana cewa ya yi fice a fagen waƙa, amma digirinsa a fannin tarihi yake.

A kwamfuta da wayar hannu, kalmar tana nufin ɗan akwatin da ake rubuta suna ko lambar waya a cikinsa. Gurbi ita ce kalmar da ta dace, kuma kowane ɗalibi ya san "cike gurbi" tun daga jarrabawar firamare. Saƙon da yake cewa "this field is required" ma'anarsa dole ne a cike wannan gurbin. A bayanin tuta kuma, kalmar tana nufin launin da aka shimfiɗa aka yi zane a kansa, don haka tutar Japan fara ce mai jan da'ira a tsakiya, ta Somaliya shuɗiya ce mai farin tauraro, kuma jimlar Hausa ba ta bukatar wata kalma ta musamman a nan.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne kimiyya, domin a nan ba kalma kaɗai ake fassarawa ba, tunani ne sukutum. Masanin kimiyya Michael Faraday ya yi amfani da kalmar a 1845 wajen bayanin maganaɗisu, wani masanin, James Clerk Maxwell, kuma ya gina mata ƙa'idojin lissafi a aikin da ya wallafa a 1865. Abin da suke nufi shi ne, a kewayen maganaɗisu kowane wuri yana da ƙarfin ja ko turi mai takamaiman girma da takamaimiyar alkibla, ko da babu wani ƙarfe a wurin da zai ji shi. Malamin da yake son ɗalibai su gane zai iya ɗora takarda a kan maganaɗisu ya barbaɗa garin ƙarfe, su ga yadda garin yake jeruwa layi-layi daga wannan kai zuwa wancan. Ana samun "filin maganaɗisu" a wasu rubuce-rubucen Hausa, kuma ba zan ce kuskure ne ba, amma "fili" tana kawo hoton shimfiɗaɗɗen abu, alhali wannan ƙarfi yana sama da ƙasa da kowane gefe, yana kuma raguwa a hankali ba tare da wata iyaka da za a nuna ba. Shawarata ita ce a karon farko a yi cikakken bayani, a ce yankin da ƙarfin maganaɗisu yake tasiri, sa'annan a ci gaba da gajeren suna guda ɗaya har ƙarshen rubutun ba tare da sauyawa ba. Haka za a yi wa na lantarki da na ƙarfin da yake jawo abubuwa ƙasa. Idan ɗalibai za su rubuta jarrabawa da Ingilishi, wajibi ne malami ya faɗa musu kalmar Ingilishin ma, don kada su ga baƙuwa a takardar tambayoyi.

Lissafi yana da tasa ma'anar wadda ba ta haɗa komai da ta Faraday ba. A can kalmar tana nufin tarin lambobi da za a iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa a cikinsu, in ban da rabawa da sifiri, amsar kuma ta kasance a cikin tarin. Cikakkun lambobi ba su cika wannan sharaɗi ba, domin 1 a raba da 2 ba cikakkiyar lamba ba ce, amma idan aka haɗa da lambobi masu ɓari, sharaɗin ya cika. Masanin lissafi Richard Dedekind ya kira wannan tsari da kalmar Jamusanci mai ma'anar jiki a 1871, Faransanci ma ya tafi a kan jiki, sai a 1893 Ba'amurke E. H. Moore ya sa masa kalmar da Ingilishi yake amfani da ita yanzu. Wannan tarihi hujja ce cewa Hausa ba ta da wani tilas na bin Ingilishi zuwa fili a nan, kuma bayanin sharaɗin ya fi wa ɗalibi amfani fiye da kowane suna. Masu karatu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi za su ga cewa "champ" tana da yawancin waɗannan rassa, daga gona zuwa yaƙi zuwa maganaɗisu zuwa gurbin fom, amma filin ƙwallo a wurinsu "terrain" ne, don haka hanyar da aka bi a nan za ta yi musu aiki da ɗan gyara.

Sai kuma maganganun azanci, waɗanda ba a taɓa warware su kalma-kalma. "A level playing field" tana nufin a ba kowa dama iri ɗaya ba tare da fifiko ba, kuma tana yawan fitowa a maganar zaɓe da kasuwanci. "To have a field day" asalinta ranar da sojoji suke fita atisaye ce, amma a yau tana nufin wani ya samu damar yin abin da yake so son ransa. Idan ɓarayi ne suka samu gari babu tsaro, Hausa ta ce sun ci karensu babu babbaka. Idan 'yan jarida ne suka samu abin kunyar wani babba, sai a ce kakarsu ta yanke saƙa. Zaɓi tsakanin biyun ya danganta da ko marubucin yana nuna ɓarna ce aka yi ba mai tsawatarwa, ko sa'a ce ta faɗo. "Out of left field" ta Amurkawa ce daga wasan besbol, kuma ma'anarta abu ya zo ba zato ba tsammani.

Ƙamus yana da amfani a ƙarshen wannan aiki fiye da farkonsa. Wanda ya riga ya yanke cewa kalmar aikatau ce, ko ta kimiyya ce, zai buɗe ƙamusun Ingilishi zalla ya wuce ma'ana ta farko kai tsaye zuwa wadda ta dace, ya karanta misalan da aka bayar ya gwada su da jimlarsa. Daga nan sai ya duba ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa, kamar na Roxana Ma Newman na 1990, sa'annan ya bi kalmar Hausar da ya samu zuwa ƙamusun Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero na 2006, ya tabbatar tana nufin abin da yake zato. Manhajojin fassara na intanet suna iya ba da ma'anar da ta fi yawa a inda ba ta dace ba, musamman idan an ba su kalmar ita kaɗai, don haka a riƙa ba su cikakkiyar jimla kuma a bi abin da suka fitar da irin tambayoyin da aka zayyana a sama. Bayan an rubuta fassarar, a karanta ta ga wanda ba ya jin Ingilishi, zai fi kyau idan mai sana'ar da ake magana a kanta ne, a roƙe shi ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Idan jimlar ta shafi fannin karatu ko gurbin fom amma ya tambaya ina filin yake ko nawa ne girmansa, to a koma a sake zaɓen kalma.